Lahiya Lau ɗin Kawu

Ni malamin makaranta ne a Kurfi, amma abin da aka ɗan san ni da shi shi ne 'yan rubuce-rubucen da nake yi a kan garuruwa: kasuwar wuri kaza, tsohuwar rijiyar gari kaza, inda ake samun fura mai kyau. Dalilin da ya sa ke nan aka gayyace ni bitar marubuta da masu tallata yawon buɗe ido da aka yi a Dutsin-Ma. Har sabuwar riga na ɗinka saboda taron nan, abin da in na tuna yanzu haushi ke kama ni.

Mai koyar da mu wata mata ce daga Abuja, muna kiranta Madam. Ba Bahaushiya ba ce, amma ta yi bautar ƙasa a Katsina, ta tafi da gaisuwa da sunayen abinci. Ba zan ci haƙƙinta ba, mace ce mai himma, kullum ita ke riga kowa zuwa. Darasinta ɗaya ne: kowane wuri yana buƙatar take, 'yan kalmomi da za su manne a kan mutum har ya ɗauki jaka ya taho. Tana haska mana hotunan bakin teku na wasu ƙasashe a majigi, muna ta gyaɗa kai, alhali da yawanmu sai da muka tambayi direba halin da hanya ke ciki kafin mu shiga mota. Na ɗaga hannu na tambaya yadda za mu yi da maganar tsaro. Shugaban taron, wani Alhaji tsohon jami'in yaɗa labarai wanda ba ya sakin lasifika in ya kama, shi ya tare ni.

"Malam, wannan ba huruminmu ba ne. Mu masu gyara sunan ƙasa ne."

Washegari aka kwashe mu zuwa dam ɗin Zobe don mu gwada abin da muka koya. A can kawuna yake, ƙanin mahaifiyata. Ba ɗan wurin ba ne. Ƙauyensu yana bayan Barkiya, ɓarayin daji suka kore masa shanu kaf, mutanen ƙauyen suka watse, shi ya dawo bakin ruwa yana noman rani a aron fili. Shi ne kuma mai magana da yawun 'yan ƙauyen. Shi ke jagorantar dattawa zuwa wani ofis suna roƙon a kai musu jami'an tsaro, su samu su koma gonakinsu kafin damina. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, bakin nan da mutanensa suka yarda da shi.

Na hango shi cikin kwamin albasa, na ratse don in gaishe shi, sai ayarin ya biyo ni. Kawu mutum ne kyakkyawa, dogo, ga farin gemu, ga ruwa shimfiɗe a bayansa. Madam na ganinsa ta yi wa mai kyamara alama, ta tattaro duk Hausarta.

"Sannu Baba! Ya gari?"

Kawu ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya yi mata murmushin da ake yi wa baƙo. "Lahiya lau, Hajiya. Lahiya lau, mun gode Allah."

To me zai ce? Ya zaunar da matar da bai taɓa gani ba ya lissafa mata shanunsa? Ya ciro mata albasa ma, ya ce ta kai wa yara.

Da muka koma zauren taron, sai ga fuskar Kawu a majigi ta cika bango. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: LAFIYA LAU! Har an gyara masa lahiyarsa ta zama ta littafi. Madam ta ce, da Turanci, ga taken da muke nema, daga bakin ɗan ƙasa ya fito, mutumin karkara da kansa yana shaida wa duniya cewa komai daidai. Alhaji ya miƙe ya fara tafi, zaure ya ɗauka.

Na tashi tsaye. Na ce Madam, wannan gaisuwa ce, ba shaida ba ce. Mu nan mutum yana kwance a gadon asibiti, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ka shiga gidan da aka yi rasuwa da safe, ka ce an tashi lafiya, a ce maka lafiya lau. Sai an zauna, an sha ruwa, an sake gaisawa, sannan maganar gaskiya take fitowa, kuma ba ga kowa ba. Na gaya mata ko wane ne mutumin nan da abin da ya same shi.

Na ga abin ya taɓa ta. Ta juya ga zauren ta tambaya ko haka ne. Wallahi babu wanda bai san haka ne ba. Hausawa ne cike da wurin, marubuta, 'yan jarida, kowa da uwarsa ta koya masa gaisuwa. Amma babba ya riga ya yaba, kuma baƙuwa ce, ba a gwasale baƙo a bainar jama'a. Sai kowa ya sami abin dubawa a wayarsa.

"Malam ya cika zurfafa magana," in ji Alhaji yana dariya. "Shi dattijon ya faɗa ko bai faɗa ba? To mi ya rage? Ai fata nagari ne."

Aka raba mana takardar shaidar halarta, aka ɗauki hoton haɗin gwiwa, aka watse. Na yi ta kiran masu shirya taron ina roƙon a canza hoton Kawu ko a cire rubutun. Wannan ya ce za a duba, wancan ya ce an riga an kai wa mai bugawa. Madam ta amsa mini da kirki, ta ce ita ta miƙa aikinta, sauran yana hannun mutanenmu. Kuma gaskiyarta, yana hannun mutanenmu.

Bayan 'yan makonni babban allon talla mai fuskar Kawu da taken nan ya tashi a bakin hanyar shiga Dutsin-Ma, aka kuma watsa ƙananan takardu masu hoton. Wani dattijo cikin masu raka Kawu ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Sun koma ofis ɗin nan da kukansu, Kawu ya fara bayani, sai jami'in da ke sauraronsu ya jawo takardar daga kan teburinsa ya ɗaga.

"Baba, ba kai ne wannan ba? Ai ka ce lafiya lau."

Da wasa ya faɗa, har ya yi dariya. Dattawan ba su yi ba. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu cewa an saye Kawu, shi ya sami wuri a bakin ruwa, ya manta da su. Suka naɗa wani ya riƙa yi musu magana. Damina ta sauka, ba wanda ya koma gona.

Na je Zobe na same shi a ƙarƙashin wata bishiya, ruwa ya cinye kwamin albasar. Na cire takalmi na durƙusa kamar yadda na saba tun ina yaro.

"Kawu, ina wuni? Ya gida, ya iyali?"

Ya dube ni ya daɗe. Tunda nake ban taɓa gaishe shi ya bar gaisuwar a ƙasa ba. Can ya nuna hanyar Dutsin-Ma da haɓa.

"Tai ka tambayi wancan na bisa allo," ya ce. "Shi ka da amsa yanzu."