Layar da ke Cikin Gita

Ni kafinta ne a Konni, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Tebur da bencin lakwal, wato makaranta, nake yi, ina ci da iyalina lafiya lau. A shekarun baya ne samari suka fara kiɗan biki da gita mai lantarki, irin mai arahar da ake shigowa da ita daga Nijeriya. Da ta tsage sai a kawo mini, in ɗaure ta, in shafa mata fenti.

Lokacin Nasara suna ratso sahara da tsoffin motoci suna sayarwa a ƙasarmu. Wata rana ɗayansu ya tsaya a shagona, ya ɗauki wata gita da mai ita ya bar mini, duk ta koɗe, ya tambaye ni ko tsohuwar ƙirar Amirka ce. Wallahi ban san komai a kanta ba, amma na ce masa ita ce, ya kuwa saye ta. Abin da ya ba ni a ranar ya fi aikin benci na wata da watanni. A nan na gane cewa su tsufan suke saye, ba sautin ba.

To, tsufa kuwa ai na iya yin sa. Sai in sayo sabuwa, in rataye ta a madafar matata Rabi ta sha hayaƙin kara, in goge wuyanta da yashi da man kaɗe, in jiƙa kusoshinta a ruwan gishiri su yi tsatsa, sannan in zana mata sunan kamfanin da ba shi ya yi ta ba. Rabi ta ce, "Maigida, wanga aiki ba na Allah ba na." Na ce ta kula da tuwonta.

Sai ga wani malamin lakwal a Malbaza, Mushe Idi (Mushe muke kiran malaman lakwal), ya kawo tasa a gyara masa wuya. Ina ɗagawa na san wannan ta ainihi ce. Ya ce ta yayansa ce marigayi, wanda ya yi kiɗa a Abijan, kuma ita kaɗai aka kawo gida daga kayansa. Na ce ya dawo bayan sati uku. Cikin satin ukun nan na yi tagwayenta, har da tabon wutar sigari da ke kanta. Da na kwance farantin gabanta don in kwaikwayi wayoyin, na tarar da wata 'yar laya ta jar fata a maƙale ciki. Na jefa ta a gwangwanin kusoshi, na manta. Ta ainihin na sayar wa wani Banasare, ta yi arewa.

Kwana huɗu da karɓar jabun, Mushe Idi ya dawo da jandarma biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya kwance farantin a gabansu, ya nuna ramin wayam. Ya ce innarsu ce ta sa aka rubuta layar ranar da yayansa zai tafi, kuma tun da aka kawo gitar, duk Juma'a sai ta ce a buɗe ta taɓa ta. Ya ce, "Malam, gitar ta tafi, na sani. Ba ni layar kawai, tsohuwa na tambaya."

Kun san abin da na yi? Na rantse ban taɓa ganin ta ba, don in na fiddo ta na amsa laifina ke nan. Rantsuwar ba ta cece ni ba, domin sun sami wasu gita biyu rataye a madafa. Aka yi mini shekara biyu a gidan kaso.

Ba ƙwarƙwata ko tuwon kaso ne suka fi cin raina ba, tsohuwar nan ce da ban taɓa gani ba. Na aika wa Rabi ta dubo gwangwanin, aka ce wanda ya ba ni hayar shagon ya riga ya watsar da kayana, ita kuma ta koma gidansu a Tsarnawa. Duk Juma'a sai in tuna tana can tana tambayar layar. Na tuba, na roƙi Allah kada ya ɗauki ran tsohuwar kafin in fita.

Ranar da aka sallame ni, Tsarnawa na nufa. Bayan gaisuwa na tambayi Rabi gwangwanin. Ta ce saƙona bai iso mata ba, amma ta tsinto 'yan tarkacena daga bola. Ta jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado, na zazzage shi a tabarma. Ga ta nan cikin kusoshi, tsatsa ta ɓata gefenta. Na yi kuka kamar ba namiji ba.

Washegari na shiga mota zuwa Malbaza. Mushe Idi ya dubi layar a tafin hannuna. Ya ce, "Inna na ciki. Shiga ka ba ta da hannunka."

Idonta ya tafi, amma tana nan da rai, alhamdu lillahi! Na durƙusa na gaya mata ko ni wane ne, ban rage komai ba. Ta shafa layar da yatsu, ta kai ta hanci, ta kira sunan ɗanta sau biyu. Sannan ta lalubo kaina ta ce, "Ɗana, ka daɗe ba ka zo ba. Tashi, na yafe."

Samari, ku ji ni. Yin kwaikwayon abu ba laifi ba ne, in ka ce wa mai saye kwaikwayo ne, ya biya kuɗin kwaikwayo. Amma kada ku sa wa aikinku sunan wani, kada ku taɓa amanar da aka ba ku. In kuwa kun riga kun taɓa, ku mayar yau, tun mai ita na da ran da zai ce ya yafe.