Shekarar da Hannuna Ya Yi Fari

Ni marini ne, a karofin Tambuwal na tashi, tun Nasara ba su zo ƙasar nan ba. Rijiyar baba ɗaya, wato ta rini, na gada, da ita nake ci da gidana. Masu ba ni aiki yawancinsu masaƙan Kebbe ne. Nakan bi ayarin 'yan kasuwa da jakina in karɓo farare, in mayar musu da baƙaƙe.

Ɗana na fari shi ke motsa mini rijiya kowace safiya. Ya kai munzali, har an fara maganar aurensa, sai zazzaɓin damina ya ɗauke shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, don a wurinmu uba ba ya ambaton ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, in ya rasu kuma ba a son a ga abin a fuskarsa. Na zauna zaman makoki yadda ya kamata, ina amsa gaisuwa da murya daidai. Da aka watse, sai na kasa komawa karofi. Kullum in ce gobe. Baba kuwa abu ne mai rai, in ba a motsa shi ba mutuwa yake. Nawa ya mutu, ni ina zaure ina cewa ciwon baya ne.

Sai da hatsi ya yi ƙasa a rumbu na ɗaura wa jaki akumari na nufi Kebbe neman aiki. Ban lura da abin da na tafi da shi ba.

A rumfar masaƙa na miƙa hannu muka gaisa. Wani dattijon masaƙi, wanda muka saba barkwanci da shi, ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya juya shi, ya duba tafin, ya duba farce. Shunin da ke jikina tun ina yaro ya fita sarai.

"Wanga hannun liman na," in ji shi. "Ina ka baro marininmu? Ko amarya ka yi, ta hana ka fita?"

Aka yi dariya. Sai wani ya raɗa masa abin da ya faru, dariyar ta tsaya. Da ma sun ci gaba da ita, da ya fi mini sauƙi. Kowa a rumfar ya san tsawon lokacin da shuni ke ɗauka kafin ya bar fata. Suka dubi hannuna suka gane watannin da na yi ina kukan yaron da ko sunansa ban taɓa faɗa ba. Na cusa hannuwan cikin riga. Suka yi mini ta'aziyya da ladabi, kowa ya ce ya riga ya ba wani marini kayansa. Ban ga laifinsu ba. Ba mai ba da saƙarsa ga wanda rijiyarsa ta mutu.

Na sauka gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, tsohuwa mai kaɗi. Ta ba ni fura, na karɓa da hannu a cikin riga kamar mai jin sanyi. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da farin zane, wanda ta kaɗa zarensa da kanta ta bayar aka saƙa mata. Ta ce baƙi take so, mai ƙyalli, kuma ba ta son hannun kowa a kai sai nawa. Na ce mata rijiyata ba ta da rai.

Ta ce, "Ban ce ka bar kuka ba, ɗan nan. Ka tai ka yi shi bisa rijiya. Can warin baba ma na sa ido ruwa, ba mai tambayarka."

Na dawo Tambuwal na kwashe ruɓaɓɓen ruwan da ƙwarya, na zuba sabo, na sa toka da baba. Na ɗauki muciyar da yaron ke riƙewa, wurin hannunsa ya yi santsi. Maƙwabtana a karofi suka gaishe ni da aiki kamar jiya muka rabu, kowa ya sunkuyar da kai ga tasa rijiya. Na yi ta motsi, idona na zuba, ba wanda ya ɗaga kai.

Da kumfa ya taso na tsoma zanen. Bai yi baƙin da na saba ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Na sake tsomawa har na gaji, na kai mabuga, na mayar Kebbe ina jin nauyin nuna shi. Gwaggo ta ɗaura shi a haka, ta ratsa ta gaban rumfar masaƙa ranar kasuwa, tana tafiya a hankali. Da zan tafi, dattijon masaƙin nan ya aiko mini da farin rawani guda, ya ce in gwada rina shi.