Kwana Shida Muna Ja, Isuhu Na Tsakiya

Bana shekara talatin ke nan da muka rufe Mushe Isuhu (haka muke kiran malamin boko a nan, Mushe) a maƙabartar Gure, kuma har yau ban iya ganin igiyar rijiya ba tare da ya faɗo mini a rai ba. Masu karatu, ku yi mini haƙuri. An saba idan za a tuna mamaci a yabe shi a yi addu'a a tashi. Ni yau da ɗaci na zo, kuma kaso mafi girma na ɗacin nan nawa ne.

Isuhu mutumin wajen Maradi ne. A farkon shekarun casa'in aka turo shi kolejin da nake koyar da lissafi, shi kuma ya riƙe fizik, wato ilimin ƙarfi da motsin abubuwa. Bai san kowa ba a garin, sai na sauke shi a gidan mahaifina. A wurinmu baƙon da ka sauke amana ne, cinsa da ciwonsa duk a wuyanka suke. Muka shaƙu har mutane na ce mana Hasan da Husaini.

Makarantar ba ta da kayan gwaji, alli ma sai an yi tsimi. Ranar da zai koyar da darasin ƙarfi, sai ya aro igiyar guga, ya ɗaura jan ƙyalle a tsakiyarta, ya ja layi a kan rairayi. Ya sa ɗalibai biyar nan, biyar can, suka yi ta ja har jijiyoyin wuya suka fito, ƙyalle na nan bisa layi. Ya ce, "Ana ja ko ba a ja?" Suka ce ana ja, Mushe. Ya ce, "To biyar a cire biyar, saura sifiri. Ƙarfi ya yi daidai, shi ya sa ba motsi. Amma kada ku ce ba abin da ke faruwa. Ku tambayi igiya." Sai ya ƙara mutum ɗaya a gefe guda, ƙyalle ya tafi, ya nuna musu cewa ragowar ƙarfin nan guda ɗaya ita ce ke tafiyar da abu. Daga ƙarshe ya cire ƙarin mutum ɗayan nan, ya maida su duka gefe ɗaya, biyar da biyar suka zama goma, suka ja kututturen dabino kamar wasa. Ina tsaye bakin tagar ajina ina dariya, wai ni mai lissafi na gane.

A shekararsa ta uku ciwon ciki ya kayar da shi. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na garin, ya taɓa cikin ya ce wannan sai an yi masa aiki a Damagaram, kuma kada a jima. Kafin mu shirya, yayansa Alhaji Mamman ya iso, don na aika masa. Dattijo ne, shi ya rene Isuhu bayan rasuwar mahaifinsu. Ya ce gida zai kai ƙanensa, uwarsu ta gan shi, a yi masa na gargajiya. Na ce likita za a kai shi, wato asibitin Damagaram. Ga abin takaicin: motar da za ta Maradi daga Gure, ta cikin Damagaram take bi. Hanyarmu ɗaya ce.

Sai shaiɗan ya hau kaina. A gaban abokan aikina da maƙwabta, na ɗauko Alƙur'ani na ce Alhaji ya dafa ya rantse zai tsaya likita, in ba haka ba baƙona ba ya fita gidan nan. Wayyo ni! Mutumin da ya kusa haihuwata. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ni za ka rantsar a kan ɗan da na goya?" Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakin, ya ce ba malamin da zai ɗauki ƙanensa. Ni kuma na tafi tasha, direbobin duk 'yan unguwarmu ne, na ce kada wanda ya ɗauke su.

Kwana shida muka yi a haka. Liman ya zo, darektan makarantarmu ya zo, kowa ya ce a yi haƙuri ya kama gabansa, ba wanda ya yarda ya sa hannu gefe ɗaya don kada a ce ya yi son kai. Isuhu kuwa kunya ta ɗaure masa baki. Ba zai musa wa yayansa ba, ba zai kunyata mai masaukinsa ba. A rana ta biyar na kai masa kunu da hantsi, ya kama hannuna ya ce, "Habu, ka tambayi igiya." Na gane sarai, wallahi na gane. Na ce a raina gobe Alhaji zai sauko. Shi ma gobe yake jira in sauko. Washegari bayan azahar Isuhu ya cika.

Da zai dawo yau, me zai gani? Zai ga waya a aljihun kowa, da a lokacin akwai ta da uwarsu ta raba gardamar da magana ɗaya. Zai ga ɗalibansa sun zama manya, wasu na koyar da darasin nan da kibiyoyi a allo, ba igiya. Amma ina jin ba zai yi mamakinmu ba. Har gobe ina zuwa taron iyayen yara in ga ɓangare biyu suna son abu ɗaya, sun kafe saboda wane ne ya fara faɗinsa, rufin aji na zuba shekara da shekaru. Girman kai rawanin tsiya, mu kuwa mun iya naɗa shi.

Me ya rage na Isuhu? Bai bar ɗa ba. Littattafansa gara ta cinye. Akwai wani tsohon ɗalibinsa mai gyaran mota da ya gaya mini duk sanda suke tura mota ta kafe a rairayi sai ya tuna shi, ya ce wa mutane su koma gefe ɗaya. Wannan ya rage, kuma ba kaɗan ba ne. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ni abin da ya rage mini maganar Alhaji Mamman ce. Bayan sadakar uku na raka shi tasha. Da ya sa ƙafa a mota sai ya juyo, ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini. Takardar majo ce ta zuwa likitan Damagaram. Ya ce, "Tun ranar da na iso na je na karɓe ta. Da ma can na yi niyyar fara kai shi. Da ma roƙona ka yi, ɗana, ba rantsuwa ka ɗora mini ba."

Takardar na nan cikin akwatina, ba wanda ya taɓa buɗe ta a Damagaram.