Kawu Maina da Tumbin Talbijin

Ku da kuka san Kawu Maina na unguwar Hausari a Potiskum, kun san ba ya gaisawa da mai gida sai ya fara duba talbijin ɗinsa. Yana yin sallama zai tsaya a bakin ƙofa, ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya kamar yana duba bijimi a Kasuwar Shanu. In ya ga hoton ya baje, mutanen ciki sun koma gajeru masu faɗi, sai ka ji: "Miƙo rimot, ana ƙarya a gidanka!" Sai ya gyara tukuna zai tambayi lafiyar iyali.

Tun yana saurayi yake dillancin shanu, ido ne jarinsa. Ranar da babban ɗansa ya aiko masa da talbijin mai faɗi, ni na je na ɗauko Sunday mai haɗa dish. Sunday ya gama aiki, ya kunna, hoto ya cika allo fal. Kawu ya ƙura wa mai karanta labarai ido.

"Sunday, wannan baiwar Allah jiya siririya ce a tsohuwar talbijin. Wa ya turke ta ta yi ƙiba haka?"

"Baba, tashar ce ke aiko hoto irin na da, shi ne na ja shi ya cika."

"To sake shi."

Sunday ya saki hoto, matar ta dawo yadda Allah ya yi ta, amma baƙi ya tsaya dama da hagu. Matar Kawu, Inna Falmata, ta tafa hannu: "Malam, an sayo mana ƙatuwar talbijin ka mayar da ita rabi?"

"Falmata, gara ƙaramar gaskiya da ƙatuwar ƙarya."

Har ya bar duniya haka gidan suke kallo.

Wata ran kuma a rumfar mai shayi ana nuna shanun wata ƙasa. Alhaji Jauro, abokinsa, sai salati yake: "Kai! Maina, dubi ƙirji! Namu ai awaki ne." Kawu ya karɓi rimot ya danna, nan take shanun suka tsuke, ƙashin haƙarƙari ya fito.

"To Jauro, taya."

Jauro ya leƙa, ya sake leƙawa. "Wannan ko Nangere da ke nan kusa ba za ta kai da ƙafarta ba."

Amma babban yaƙin shi ne da wata tasha ta zo kasuwa ta yi hira da shi a matsayin dattijon dillalai. Kawu fa kun san shi, siriri kamar sandar kiwo. Da aka nuna hirar, sai ga shi da kumatu da tumbi! Wannan karon daga can suka baje hoton, duk dannawar da ya yi bai koma ba. Washegari yana shiga kara, wato Kasuwar Shanu, aka fara: "Maina, ashe ana ci a ɓoye!" Su wasa suke, shi kuwa abin ya soke shi, don a dillanci in aka ce ka ci, to amanar wani ka ci.

Ya ce in nemo masa lambarsu. Kullum bayan la'asar sai ya kira.

"Maina ne daga Potiskum. Ku cire min tumbin nan."

"Baba, matsalar na'ura ce, ka yi haƙuri."

"Na'urar ce ta san ni, ko mutanen gari? Ban ci na kowa ba, ba za ku ɗora min ba!"

Na ce, "Kawu, a bar maganar nan mana, an manta."

"Usmanu, kai ka manta."

Da suka gaji da shi suka maimaita shirin. Muka taru a tsakar gida. Ga Kawu siriri ras, sai dai garin gyara sun zuƙo hoton, hula da goshi sun fice daga allo. Muka kwashe da dariya har Inna tana share hawaye.

"Kawu, sun sare maka kai!"

Ya gyara zama, ya ce, "Kan nawa ne, su ɗauka. Tumbin ne ba nawa ba."

Ko a ciwonsa na ƙarshe bai sauka ba. Ana ƙara masa ruwa a asibiti, magana da ƙyar, ya yafito ni da yatsa. Na sunkuya, na ɗauka wasiyya ce. Ya nuna talbijin ɗin da ke bango: "Hau ka gyara. Marasa lafiya ma sai an yi musu ƙarya?"

Na hau kujera na gyara, ina dariya ina kuka. Kwana biyu bayan nan ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Maina, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya Allah ka faɗaɗa masa kabarinsa. Wannan faɗin kam na san ba zai ce a rage ba.