Ranar da Kawu Hashimu Ya Sauke Mu Daga Mota

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Hashimu. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, don bai riƙe irin muƙamin da ake ambata a rediyo ba. Yayan mahaifiyata ne, haifaffen Gumel, ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya a kujerar da duk wanda ya san shi ya san ba nan ya kamata ya tsaya ba. Dalilin tsayawarsa a nan nake so in bayar da labari, tun da a gabana aka yi.

A shekarun saba'in ne, lokacin babban farin nan, ƙasar Gumel tana cikin tsohuwar jihar Kano. Ina cikin matasan da aka ɗauka ana koya musu aikin mulki, kuma kafin a yaye mu sai an zagaya da mu ƙasa mun ga yadda ake aiki a wurare dabam-dabam. An haɗo mu daga ko'ina, da 'yan kudu da 'yan arewa. Mu biyu ne kawai mata, ni da wata 'yar Ilori da ba ta jin Hausa. Maigidana bai yarda in yi tafiyar ba sai da ya ji cewa Kawu ne zai jagorance mu.

Na ɗauka hakan zai zame mini sauƙi. Tun ranar da za mu tashi ya kira ni gefe ya gaya mini cewa daga yau har mu dawo shi ba Kawu ba ne, Yallaɓai ne, ni kuma Malama Rakiya. Haka kuwa aka yi. Mun je Ikko, mun je Badun, mun tsallaka kogin Kwara mun shiga gabas inda har lokacin ana ganin tabon yaƙi a jikin gine-gine, mun hau Jos, bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Mutum ne mai tsauri. Ba ya yabo, in ka yi daidai shiru zai yi, in ka yi kuskure kuwa a gaban kowa zai gyara maka. 'Ya'yansa ma da sun ji takunsa a zaure sai gida ya yi tsit. Ba zan ɓoye wannan ba don ya rasu.

Amma ya iya nuna wa mutum abu. Duk garin da muka shiga, in an gama kai mu ofis an yi mana jawabi, sai ya ce to mun ji na masu ofis, yanzu a je a ji na masu gari. Ya kai mu kasuwa, ya kai mu layin masu jiran ganin likita, ya sa mu zauna a bencin da masu kawo ƙara suke zama, har sai mun ji yadda bencin yake a jiki.

Ƙasar Gumel ce zangon ƙarshe, kuma cikin bazara muka iso ta. Daga Kano aka canza mana mota, aka ba mu babba mai rumfar tamfol da bencina, saboda yashi. A Gagarawa muka fara tsayawa. Hakimi ya karɓe mu da mutunci, amma Kawu ya roƙi a buɗe mana rumbunan wasu gidaje, aka buɗe, muka leƙa, ba komai sai ƙaiƙayi. Wani dattijo ya ce mana gero ya fito bara har ya yi kai, sannan ruwa ya ɗauke. 'Yan kudun nan da suka saba ganin kore ko'ina sun yi ta leƙen busassun gonaki daga cikin mota har Gumel.

Tsarin shi ne mu je Sule Tankarkar, mu bi ta bakin iyaka mu ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sannan mu koma Kano, inda wani babban jami'i zai zo da kansa ya yaye mu ranar Asabar. Kowa ya san cewa wannan biki yana da muhimmanci ga Kawu, don ana ta raɗe-raɗin cewa daga shi za a ɗaga shi zuwa babban matsayi.

Ranar Laraba da hantsi, mun bar Sule Tankarkar ba da nisa sosai ba, muka iske mutane zube a gindin wasu itatuwan aduwa kusa da wani ƙauye. Daga arewa suka gangaro, ta ƙasar Damagaram, bayan dabbobinsu sun ƙare. Sun kakkafa tsummoki da tsofaffin tabarmi sun yi inuwa. Mai unguwar ƙauyen ya taro mu ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu, suna ba su ruwa daga rijiyarsu da ita ma ta kusa ƙafewa, amma ƙyanda ta shiga cikin yaran, kuma ko da safen nan sun binne biyu. Ya aika Gumel da ɗan saƙo a kan jaki, bai san ko ya isa ba.

Matan ba su yarda maza su leƙa inda suke ba, sai Kawu ya dube ni ya ce, Malama Rakiya, shiga ki gano mana. Na shiga. Abin da na gani ban taɓa ba wa 'ya'yana labarinsa duka ba. Yara ne kwance jere, idanu sun manne, baki ya bushe, wasu ko kuka ba sa iyawa. A cikin wata ƙwarya na ga abin da suke ci, ƙwayar ƙarangiya ce aka sussuka aka dafa. Wata mata mai suna Tsahara ta riƙe mini zane, ta nuna mini 'yarta Mariyama, wadda ba ta wuce shekara uku ba, tana numfashi da ƙyar. Ta tambaye ni ko mun zo da lokotoro, wato likita a bakinsu. Na ce mata a'a, mu ma'aikatan gwamnati ne. Sai ta sake mini zane.

Na fito na gaya wa Kawu duk abin da na gani. Ya goya hannu a baya ya yi ta zagaya wurin, ya je rijiya ya leƙa, ya dawo, ya tsaya jikin mota, ya sake tafiya. Mu kuma muna tsaye cikin rana muna jiran ya ce a hau. Har aka kira azahar a ƙauyen. Da ya idar da salla sai ya tara mu ya ce kowa ya sauke kayansa, a cire bencina, a shimfiɗa tabarmi. Motar za ta yi ta jigilar marasa lafiya zuwa asibitin Gumel har sai an kwashe waɗanda suka fi jin jiki. Mu kuma a nan za mu zauna.

A cikinmu akwai wani Mista Okon, mutumin Kalaba, wanda ya fi mu duka ƙoƙari a aji. Shi ya ɗaga hannu. Cikin ladabi, da Turanci, ya ce doka ba ta yarda a juya motar gwamnati zuwa wani aiki ba tare da izini ba, kuma Yallaɓai da kansa ya koya mana haka. Ya ce in muka rasa ranar Asabar ana iya riƙe takardunmu, shi kuma yana da uwa da ƙanne da suke jiran ya fara aiki. Ya ba da shawara mu wuce Maigatari mu sanar da hukuma, su aiko da wanda aikinsa ne. Da yawa daga cikinmu mun ga gaskiyarsa.

Kawu ya saurare shi har ya gama. Ya ce masa duk abin da ya faɗa daidai ne, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Sannan ya ce:

"Dokar tana nan, ban ce babu ita ba. Ni zan taka ta, ba ku ba, kuma ni zan amsa. Wanda aikinsa ne zai zo jibi ko gata. Mu ne a nan yau."

Ni aka sa in bi zuwan farko, saboda matan. Tsahara tana gefena, Mariyama tana kan cinyata don uwar ba ta da ƙarfin riƙe ta in mota ta yi tsalle. Direba yana ta kokawa da yashi. Muna hango rufin kwanon Gumel na ji jikin yarinyar ya saki. Ban gaya wa uwar ba sai da muka tsaya. Ta karɓe ta, ta rufe ta da gefen zanenta, ta ce Allah ya saka mana, ko ba komai an kai ta inda ake magani. Sauran yaran aka shiga da su. Ma'aikatan asibitin ba su da yawa, amma babu wanda ya ce mana wuri ya cika, har baranda suka shimfiɗa.

Da na koma ƙauyen na tarar Kawu ya raba wa kowa aiki. Wasu na jan ruwa, wasu sun buɗe buhunan shinkafa da garin da aka ba mu na guzuri suna dama kunu, 'yar Ilorin nan tana ba yara da cokali, ba ta jin abin da iyayensu ke cewa, su ma ba sa jin nata. Mista Okon kuwa ya tuɓe rigarsa, shi ke ɗaukar marasa lafiya yana sa su a mota. Bai canza ra'ayinsa ba, ya gaya mini haka da bakinsa, amma ya ce tun da an yanke shawara ba zai tsaya kallo ba. Kawu da kansa ya bi zuwa na biyu, ya je ya tsaya a kan manyan Gumel har aka turo malamin asibiti da hatsi. Ba mu ga kasuwar Maigatari ba. Sai ranar Litinin muka shiga Kano, an riga an kwashe kujerun bikin.

Babban jami'in ya zo, ya zauna, ya jira, ya tashi cikin fushi. Aka ba Kawu takardar tuhuma. Wani abokinsa da ke sama da shi, wanda yake son sa da gaske, ya zo har gida ya ba shi shawara ya ce mota ce ta lalace a yashi, magana ta mutu, kowa ya san hanyar. Ina tsakar gida ina jin su ta taga. Kawu ya yi masa godiya, ya ce amma mota lafiyarta ƙalau, shi ya juya ta, kuma akwai matasa da suka ga haka da idonsu, in ya rubuta ƙarya to ita ce darasi na ƙarshe da ya koya musu. Ya amsa laifin shi kaɗai, ya roƙi kada a taɓa mu. An ba mu takardunmu bayan ɗan jinkiri, ba biki. Shi kuma aka cire shi daga koyarwa aka kai shi wani ofishi da ba a samun ƙarin girma daga cikinsa. A nan ya ƙare aikinsa. Waɗanda ya koyar suka zo suka wuce shi, har da Mista Okon, wanda ya kai matsayi babba, kuma bai daina zuwa Gumel gaishe shi ba.

Mahaifiyata ta daɗe tana jin haushin abin. Takan ce Yaya ya tausaya wa 'ya'yan wasu ya manta da nasa, don iyalinsa sun ji jiki a shekarun da suka biyo baya, kuma bai taɓa zama ya ba su haƙuri ba. Ban iya ce mata ba ta da gaskiya ba.

Watannin baya na bi hanyar nan tare da jikana. Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari duk sun zama hedikwatar ƙananan hukumomi, kowace da sakatariyarta. A Maigatari manyan motoci sun yi layi suna jiran tsallaka iyaka, babura kamar za su hau kan mutum, kowane yaro da waya a hannu. Na nemi itatuwan aduwar nan ban gane wurin ba. Na yi ta tunanin abin da Kawu zai ce. Na tabbata zai yi murna da kwalta, da ɗakunan shan magani, da cewa mai unguwa ba ya bukatar jaki kafin ya kai kuka. Amma na san zai shiga sakatariya ya tambayi matasan da ke ciki yaushe rabonsu da zama a bencin masu jira. In kuma ya ji cewa yanzu rangadin ƙaro ilimi jirgi ake hawa a tafi ƙasashen waje, zai yi irin shirun nan nasa da ya fi faɗa ciwo.

Babu titi ko makaranta da ke ɗauke da sunansa. Abin da ya bari shi ne mu, tsofaffin da suka rage daga cikin motar nan, da kuma yaran da aka sauke a barandar asibiti suka tashi, waɗanda yanzu suna da jikoki a wani wuri kuma ba su san shi ba. Na yi aiki har na yi ritaya, na ga masu ilimi da masu wayo da yawa, amma ban ga mutum biyu da za su ce doka tana da gaskiya, su taka ta saboda rai, sannan su tsaya a hukunta su ba tare da sun ɓoye a bayan kowa ba.

A ciwonsa na ajali na je Gumel na zauna da shi. Ya rame, tsaurin nan duk ya tafi, har yana kirana Rakiyata. Wata rana da la'asar na tambaye shi ko ya taɓa yin nadamar abin da ya yi, ganin abin da ya jawo masa. Sai ya ce nadama ɗaya yake yi. Ya ce ku kun ɗauka tunani nake da na yi ta zagaya wurin nan, alhali tun da kika fito kika gaya mini na san abin da ya kamata.

"Tsoro nake ji, Rakiya. Kujerar nan nake tunawa. Daga hantsi har azahar ina tsaye ina tsoro. Da na juya motar tun da safe, wataƙila da yarinyar nan ta isa da ranta."

Na ce masa kwananta ne ya ƙare. Ya ce haka ne, ya sani. Sannan ya tambaye ni sunanta, wai ya yi shekaru yana so ya tambaya bai iya ba. Na gaya masa. Ya maimaita a hankali, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a.

Allah ya jiƙan Kawu Hashimu, ya yafe masa sa'o'in nan da shi bai yafe wa kansa ba.