Barau Mai Tafireta da Ɗorawar Inno

In ka fita Jega ka kama hanyar Aliero, za ka ga wani tsohon otal a hannun dama, fentinsa ya koɗe. Katangarsa ta taho a miƙe, sai a wuri guda ta ja da baya kamar mai ba babba hanya, sannan ta koma kan layinta. A cikin wannan lanƙwasa akwai ɗorawa. Ba kuskuren magina ba ne. Barau mai tafireta ne ya lanƙwasa katangar, bai kuma taɓa ɗora bulo ko ɗaya ba.

Barau ɗan Jandutsi ne, ubansa manomin gero da albasa. Da ya gama elementare, wani kawunsa ya ɗora shi saman buhunan albasa a bayan mota, ya sauke shi Kaduna, a makarantar koyon aikin akawu. Yakan ce sai da ya yi mako guda 'yan ajinsu na matsawa nesa da shi saboda wari.

Makarantar a ƙasan wani bene take. A sama, wata mata 'yar kudu ce ke koya wa ma'aikatan jirgin ƙasa rawa da garmaho. Kullum da la'asar rufi ya riƙa amsa takun ƙafafu, yaran ƙasa kuwa yatsunsu suka koyi bin kiɗan ba tare da sun sani ba. Har ya tsufa, in Barau na bugu, sai ka ji kamar mutum biyu na zagaya ɗaki a hankali.

"Kai ka taɓa hawa benen?" mukan tambaye shi don tsokana.

"Sau guda. Nit taka mata ƙahwa, tac ce in koma ƙasa inda Allah ya aje ni."

Bayan tafireta aka koya masa wayar iska, wadda muke kira oba-oba. A nan ya ɗauko ɗabi'ar da ta bi shi har kabari. Malaminsu ya kafa musu doka: saƙo bai isa ba sai wanda aka aika wa ya maimaita shi kalma-kalma, mai aikawa ya ce haka ne. Shekara kusan talatin Barau ya yi a wani ɗan ɗaki a ofis a Jega, abin sauraro manne da kunnensa, yana karɓar labarin fari, da ranar allurar shanu, da gulbi in ya kawo ruwa. Ƙarar injin ta cinye masa kunnen hagu sannu a hankali. Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, aka kawo sabbin ma'aikata masu kunne biyu, aka yi masa godiya, aka sallame shi.

Sai ya ɗauki tafiretarsa ya kafa tebur a gindin dogon yaro kusa da kotu. Lokacin ƙasa ta yi daraja. Gonakin bakin hanya, waɗanda da ba mai waiwayarsu sai akuya, kowa ya zo yana so. Barau ya zama mai buga takardun cinikin gona. Sai dai ba ya zare takarda daga cikin keken rubutun sai ya karanta ta da ƙarfi gaban shaidu, sannan ya yi tambaya uku: iyaka fa, rijiya fa, icce fa. Ta ukun ce baƙi ba su gane ba. A wurinmu gona na iya zama ta wani, itacen da ke tsakiyarta na wani daban. Uba kan raba wa maza ƙasa, ya nuna wa 'yarsa ɗorawa ko tsamiya ya ce taki ce, maganar kuma ta zauna ba takarda.

Zaman gindin bishiya bai yi wa tsoho daɗi ba. Damina ta sha jiƙa masa takardu, gwiwoyinsa suka fara ƙara. Shi ya sa ranar da Alhaji Abdulmalik, wani dillalin hatsi daga Maiyama, ya tsaya gabansa da albishir, Barau ya koma gida yana tafe kamar saurayi. Alhaji zai gina otal don fataken albasa daga kudu da ma'aikatan sabuwar jiha da ba su da masauki. Yana son dattijo mai amana ya riƙe masa teburin karɓar baƙi. Ɗaki mai rufi, kujera mai jingina, fanka a sama. Matarsa Gudiya ta ciro babbar rigarsa ta shekarun ofis, ta wanke, ta kai aka buga mata, ta ajiye a ƙasan akwati.

Saura a sayi filin. Gonar wani matashi ce, Buba, wanda ya ƙagara ya sayi babur ya shiga kabu-kabu. Ni da mai unguwa aka kira shaida. Alhaji ya zo da rubutu a takarda, wani lauya ya tsara masa a Birnin Kebbi, ya miƙa wa Barau.

"Akawun otal, buga muna wagga da sauri, rana na yi."

Barau ya buga. Ya karanta, har ya zo inda aka ce gona da duk abin da ke cikinta. Ya tambayi iyaka, aka faɗa masa. Rijiya, babu. Na ga yatsunsa sun tsaya bisa haruffa, sun daɗe. Ya san amsar tambaya ta uku. Duk wanda ya ci tuwo a unguwar nan ya san daddawar Inno, gwaggon Buba, ya kuma san inda take samun kalwarta.

"Iccen hwa?" in ji Barau.

"Wane icce kuma?" Alhaji ya tambaya.

"Ɗorawa. Buba, wa ad da ita?"

Buba ya dubi takalminsa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Barau ya juyo masa kunnen dama. "Mi kac ce? Ka san ni kurma na."

"Ta Gwaggo Inno ta."

"Ta sani?"

Buba ya girgiza kai.

Alhaji ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. "Malam Barau, daidai wurin iccen nan ƙofar otal za ta zamna. Ƙofar da za ka riƙa shiga kullum da sahe. Zaro takarda mu sa hannu, tsohuwa ni zan ji da ita."

"Alhaji, ban iya zaro ta. Akwai wanda saƙon bai kai wa ba."

"Ga wani mai tafireta can tsallaken hanya," in ji Alhaji.

"Awo, yana nan, kuma hannunai ya hi nawa sauri." Barau ya ɗora tafinsa bisa keken. "Amma na riga na tambaya, shaidu sun jiya."

Gaskiya ya faɗa. Mai unguwa ya riga ya mayar da bironsa aljihu. Shi ya tashi da kansa ya shiga kasuwa, ya dawo da Inno, 'yar ƙaramar tsohuwa, faifan daddawa a kanta. Ta gaishe da kowa bi da bi, ta zo kan Barau.

"Kurman kotu, kai ka sa aka taso ni ana tsakar ciniki?"

"Ni na, Inno. Zamna ki ji karatu."

Ya karanta mata takardar daga farko, a hankali, kamar yadda yake karanta saƙon gulbi. Da ya kai wurin, Inno ta sauke faifan ta ajiye a ƙasa. Ba ta dubi Alhaji ba, ɗan ɗan'uwanta ta duba.

"Buba, da daddawar iccen ga aka yi miyar sunanka."

Buba ya rufe fuska da hularsa.

Alhaji ba mugun mutum ba ne, mai sauri ne kawai. Ya durƙusa gabanta, ya ce ta faɗi abin da take so a bakin itacen, zai ba ta har da ƙari.

"Ɗana, Allah shi ƙara arziki," in ji ta. "Babana ya kama hannuna yad ɗora bisa iccen ga tun ban kai kwankwasonai ba. In na saishe shi, in na tashi da sahe ina za ni?"

Aka yi ta magana har inuwa ta bar teburin. Alhaji ya so ya fasa, amma babu wani fili a bakin hanya da ya kai wannan. A ƙarshe ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya ce a ƙara layi: ban da ɗorawa da taku goma kewaye da ita, da hanyar zuwa gare ta. Barau ya sa sabuwar takarda, ya buga, ya karanta. Ya dubi Inno.

"Haka na," ta ce.

Ya dubi Alhaji.

"Na jiya," in ji Alhaji. Ya sa hannu, ya shiga motarsa, bai yi sallama ba.

Aka yi shekara ana gini. Ƙofa ta koma gefe, katanga ta kauce wa itace. Alhaji bai taɓa cewa ya janye maganar aiki ba, bai kuma sake tayar da ita ba. In ya wuce gaban kotu yakan ɗaga hannu daga cikin mota, Barau ya ɗaga nasa. Ranar buɗe otal, wani ƙanen matar Alhaji ne zaune a teburin baƙi. Gudiya ta yi kwana uku ba ta ce wa mijinta komai ba sai ga tuwonka. Rana ta huɗu ta ciro rigar daga akwati ta ce ya riƙa sa ta Juma'a, kada asu ya cinye ta a banza.

Wata rana muna dawowa daga jana'iza a Aliero, ni da shi, motarmu ta tsaya shan ruwa daidai otal ɗin. Bazara ce. Ɗorawa ta zubo jajayen furanninta kamar tuntaye, Inno na ƙasa tana share gindinta. Ta taga kuwa ana hango fanka na juyawa bisa kan saurayin nan, yana gyangyaɗi. Barau ya daɗe yana kallo. Na zaci itacen yake duba.

"Wallahi ina son hwankag ga," ya ce.

Ya ƙara shekara shida a gindin dogon yaro. Kowace shekara, in an gama fasa kalwa, Inno kan aiko masa da daddawa a ƙunshin ganye, shi kuma ya riƙa mita wai ta cika yawa, wa zai cinye. Ya rasu da damina, kwana biyu bayan ruwa ya same shi a bakin aiki. Tafiretar tana ɗakin Gudiya, an lulluɓe ta da zane. Inno ta bi shi bayan shekara biyu.

Otal ɗin ya sauya hannu sau biyu tun daga nan. Duk mai saye in ya karanta tsohuwar takarda yakan tarar da layin nan, harafin ƙarshe ya ɗan hau sama kamar yadda keken Barau ke yi. Jikokin Inno mata su ke zuwa da gora yanzu in ɗorawa ta nuna.