Aron Kumatun Kawu

Ni ban zauna a aji ba ko na yini ɗaya, amma na taɓa tsayawa a kan kwamfuta ina ba ta umarni a tsakiyar garin Azare, kuma ta bi.

Hoton mahaifiyarmu ɗaya ne tal a duniya. Wani mai bin kasuwanni ne ya ɗauke ta a Katagum, irin masu cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Baƙi da fari ne, bai wuce tafin hannu ba. Ya daɗe a cikin kwalla a ƙarƙashin gadona, laima ta taɓa shi, gara ta ɗanɗana gefensa, ninki ya ratsa fuskar ta ko'ina. Ni ina ganin Inna a ciki, don da wayona ta rasu. Ƙanwata kuwa, wadda ke aure a Bulkachuwa, lokacin ba a daɗe da yaye ta ba. Ta yi jikoki ba ta san fuskar uwarta ba. Duk fuskar da aka miƙa mata aka ce Inna ce, ita za ta riƙe har ta koma ga Allah.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana, labari ya cika gari cewa wani mai shagon hoto kusa da kasuwa ya kawo na'urar da ke gyara tsohon hoto ta sa masa kala. Matan unguwarmu kowa ta zazzage akwati. Maƙwabciyata ta kai mijinta da ya rasu a bushe kamar kara, aka dawo mata da shi da kumatu da sabuwar hula, har tana cewa da haka yake da ba ta riƙa yi masa tsiwa ba. Na ce to ni ma a bar ni a baya? Na naɗe Inna a gefen mayafi na kai.

Ranar karɓa ta zo daidai da zuwan ƙanwata wani suna, sai muka tafi tare. Mai shagon magidanci ne mai ladabi, da tabarau. Ya zaro hoton daga ambulan yana murmushin wanda ya gama aiki. Sai ga wata mata fara sol, fuska sumul kamar ƙwai, haƙora kamar auduga, an sa mata leshi ruwan hoda. Ƙanwata ta karɓa ta ce, “Yaya, ashe haka Inna take?”

Dariya ta kama ni har sai da na dafa benci. Na ce, “Malam, wannan 'yar gidan wa ce? A mayar wa iyayenta, suna can suna nema.”

Ya ce, “Hajiya, ita ce. Na share duk inda takardar ta tsattsage ne.”

Na ce, “Ka share har da danginmu. Ina tsagarta?”

Inna jinin mutanen Borno ce, tsagar gado ce da ita dogo-dogo a kumatu biyu da ɗaya a goshi. Shi kuwa bawan Allah ya ga layi-layi a fuska, ya ɗauka duk ɓarnar ninki ce, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge, har yana cewa kwana biyu ya yi a kansu. Ya buɗe tsohon hoton a gilashin na'urar, ya kumbura shi har hancin Inna ya kai girman kwano, amma ni kaina na kasa raba tsagar wanzami da tsagar takarda.

Sai ya dube ni ya ce, “To ai da sauƙi. Sai in ɗauki taki in ɗora mata.”

Na ce, “Ka taɓa jin inda 'ya ta ba uwa tsaga? Tawa ta gidan ubana ce, ita tata ta gidan ubanta.”

Mutum ɗaya ya rage a duniya mai irin ta Inna, wato ƙaninta, Kawunmu da ke Katagum. Wanzami ɗaya ya yi musu. Ƙanwata ta ce a bari mana, wannan ɗin ma ta yi mata, ta ma fi kyau. Ta soke hoton a cikin jakarta. Nan dariyata ta tsaya. Na ce ba za ki koma Bulkachuwa da uwar wasu ba, ki ƙara kwana biyu.

Ranar da aka kawo Kawu, da babbar riga ya zo da rawani, don kunnensa ya yi nauyi, abin da ya ji a saƙon kawai “hoto”, ya ɗauka na fasfo ne, kujerar Makka aka biya masa. Da na kwatsa masa bayani a kunne sai ya ce, “Yanzu ke 'yar nan, kumatuna kawai kuke so? Sauran jikin fa, ya jira a waje?”

Aka zaunar da shi, aka cire rawanin. Gemu ya rufe ƙasan tsagar, mai shago ya ce ko za a ɗan rage. Kawu ya ce wanda ya taɓa masa gemu sai sun je gaban alƙali. Ni na tsaya a bayansa na ja gemun ƙasa da hannu biyu, aka ɗauki dama, aka ɗauki hagu.

Daga nan na ja kujera na zauna a gefen na'urar. Mutumin yana tura wani abu mai kama da sabulu a kan tebur, sai ka ga ya yanko tsagar Kawu ya ɗauke ta cak ya kai fuskar Inna. Da ya sauke ta farko, sai ga furfurar gemu guda biyar ta biyo ta, ta zauna a haɓar Inna. Ni da ƙanwata muka zube a kan juna. Kawu ya matso da ido ya ce, “Ai kuwa ya karɓe ta. Da ma ita ce namijin gidanmu.” Har masu jiran hoton fasfo a bakin ƙofa suka shigo kallo.

Aka tsince gemun. Na ce a matsar da tsagar kusa da kunne, a siranta ta, don fatar Kawu ta saki. Na ce a mayar mata da baƙinta, Inna baƙa ce mai sheƙi, kuma tana taƙama da shi. Na sa aka tuɓe leshin aka ba ta zanin saƙi mai duhun shuni. Duk abin da na faɗa sai ya ce, “To, Hajiya,” ya yi. Wallahi daɗi ya riƙa hawa mini kai, har na fara cewa “ƙara” da “rage” tun kafin ya tambaya.

Saura haƙora. Na ce ja za a yi musu.

Ya cire tabarau ya ce, “Ja, Hajiya? Kamar jini?”

Yaran yanzu ba su san fure ba. A zamaninsu Inna mace ba ta cika ado ba sai ta goga furen taba da goro haƙoranta sun rine. Mai shagon ya fito da launuka jere, wannan ya yi barkono, wancan ya yi manja. Na ciro goro na tauna sosai na yage masa baki na ce, “Irin wannan, amma ka ƙara masa duhu.” Ya yi ta gwadawa har Kawu ya ɗaga hannu ya ce, “Tsaya nan.”

Duk wannan hidima ƙanwata tana gefe da jakarta a cinya. Da bakin ya rine sai ta taso ta tsaya dab da gilashin tana kallo. Can ta ce, “Yaya, akwai wani jan baki da nake tunawa, yana hura mini koko a ludayi. Tun ina yarinya nake ganinsa, ban san na wa ba ne.”

Kawu ya juya kai wajen ƙofa yana gyara rawani. Ita kuma ta buɗe jaka ta zaro farar matar ta ajiye a kan tebur, ta ce wa mai shago ya wanke mata wannan babba, wanda za a gani tun daga bakin ƙofar ɗaki.